Tsamiyar Maƙera

Masu zuwa ban ruwan albasa ne suka fara ganinsa, rana ba ta gama ɗagowa ba. Maccido maharbi ne kwance a bakin gulbin Rima, daidai inda dorina ke fitowa tana yi wa mutane ɓarna a gonaki, jini ya jiƙe masa riga daga wuya har ƙirji. Bindigarsa kuwa, sabuwar nan mai ƙaton baki da ƙauyen ya kwana biyu yana zancenta, ko sama ko ƙasa.

Kafin a kira Sa'adu mai bin sawu, gari ya riga ya juye a wurin. Haba jama'a! Mutum ya mutu, sai kowa ya zo ya tattake ƙasar da za ta faɗi wanda ya kashe shi? Sun kuwa tattake ta tas, har da mai janye da akuya. Sa'adu ya iso da 'yar ƙwaryarsa a hammata, wadda yake kifewa a kan sawu idan ya samu mai kyau, don kada iska ko dabba su ɓata shi. Ya dubi ƙasa, ya dubi mutane, ya ratsa su ya nufi gawar.

Maccido ba bare ba ne a wurinsa. Su uku aka yi wa shayi rana ɗaya a wannan ƙauye na gefen Lahodu, shi da Maccido da Ɗahiru maƙeri, kuma tun daga ranar ba su rabu ba. Kullum yamma suna rumfar maƙerar Ɗahiru, goro ɗaya su raba uku, suna musu a kan abin da bai kai ya kawo ba. Mutanen gari duwatsun murhu suke kiransu.

Ya durƙusa ya duba abokinsa. Raunin a wuya yake, gefen dama, kumatun ya yi baƙi da ƙunar albarushi. Amma kwanciyar ce ta tsaya masa a rai. An kwantar da shi a kan hannun dama, fuska na kallon alƙibla, an rufe masa ido, an kuma naɗe hularsa an tada masa kai da ita. Da aka ɗaga gawar, a ƙarƙashin inda rigarsa ta rufe, sai ga gurbin gwiwa biyu sun nutse cikin laka. Wanda ya durƙusa nan ya daɗe a durƙushe. Sa'adu ya kife ƙwaryarsa a kan gurbi ɗaya, ya bi gawa zuwa gari.

Ko kafin a gama suturta Maccido, samari sun riga sun sami wanda za su ɗora wa laifi. Ja'afar, babban ɗan mamacin, shi ne shugaban 'yan sa-kai masu gadin ƙauyen, kuma shi da yaransa suka jawo Isa masunci daga jirginsa, suka ɗaure shi a turken doki a ƙofar mai gari. Isa baƙo ne, daga wajen Taloka ya biyo ruwa ya zauna da iyalinsa. An ga jirginsa kusa da wurin da asuba. An kuma ji shi a kasuwar Goronyo yana cewa duk wanda ya harbi dorinar nan ba zai ga damina ba. Daga nan sai magana ta yi fiffike: ai shi ya kashe, ai bindigar ya miƙa wa mutanen daji, ɓarayin nan masu kai hari ƙauyuka, ai dama shi ke kai musu labarin gari. A wannan zamani, a wannan ƙasa tamu, wanda aka jefa da wannan kalma ya gama yawo.

Mai gari ya ja Sa'adu gefe, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Na aika Wurno, amma hanya ba ta da kyau, jami'ai ba su isowa sai gobe da marece. Yaran ga kuwa ba su jiran marece. Na roƙe su, sun ba ni zuwa azahar ta gobe. Sa'adu, in ba ka kawo min wani abu ba, ba ni iya tare su."

Sa'adu ya tsuguna gaban Isa. Sun farfasa masa baki, igiya ta ci wuyan hannunsa, yatsun sun kumbura suntum.

"Kai kac ce wanda duk yah harbi dorinar ga ba ya ganin damina?"

"Ni nic ce, Baba. Amma gargaɗi niy yi mai. Dorinar ga tana da ɗa. Mu mun sani, mai ɗa in ba a kashe ta harbi guda ba, jiragenmu za ta dinga kihewa. Bakina na yaj ja min."

"Mi yak kai ka wurin da asuba?"

"Ragata niz zaka dubawa. Sai nij ji ƙara. Baba, na san ƙarar bindiga, wagga ba ita ba ce, awa an hwasa tukunyar ƙarhe. Da nil leƙo ta cikin ciyawa sai nig ga mutum durƙushe, ya ba ni baya, shina kuka. Kuka irin na wanda uwa tam mutu mai."

"Ka gane shi?"

"Hayaƙi ya cika wurin. Kuma zamanin ga wa ka tsayawa kallo? Na juya jirgina. Da nis sani na tsaya, ko da an kashe ni can."

Sa'adu ya sa aka kawo masa ruwa, ya riƙe masa moɗa da hannunsa har ya sha. Samarin suna kallonsa suna tsaki.

Bayan an dawo daga maƙabarta ya nemi iso wurin Turai, matar Maccido. Tana zaune bayan labule cikin mata, ta yi kuka har muryarta ta dishe. Ya yi mata ta'aziyya, ta yi masa, don ta san shi ma an yi masa mutuwa. Sannan ya tambaye ta ko akwai wanda maigidan ya yi sa-in-sa da shi a kan bindigar. Ja'afar ɗan fari ne, ba ta kama sunansa.

"Yaron ga," ta ce da ƙyar. "Ya so a ba shi ita don gadin gari. Ubanai yac ce bindigar dorina ba ta mutum ba ce. Sun ɗaga murya jiya. Amma Malam Sa'adu, don Allah..."

"Tambaya kawai nike yi."

"To ni ma ina da tambaya. Shi kaɗai yam mutu cikin ciyawa awa dabba? Babu wanda yal laƙƙana mai kalma? Abin ga shi ka cina, ya hi mutuwar."

Sa'adu ya tuna hular da aka naɗe, ya tuna gurbin gwiwa. Ya ce mata in Allah ya yarda zai kawo mata amsa.

Maganar rigimar uba da ɗan ta zauna masa daram, abin ya ba shi tsoro. Ƙunar albarushi a kumatu na nuna daga kusa abin ya fito, kuma Maccido ba ya barin baƙo ya matso shi da asuba a bakin ruwa. Wataƙila ɗa ya yi kokawar bindiga da ubansa, ta tashi, ya durƙusa yana kuka, ya juya shi alƙibla, sannan ya nemo baƙo ya ɗora masa. Sa'adu ya tare Ja'afar a bayan masallaci ya tambaye shi inda ya yi asuba.

Idon yaron ya kaɗa ya yi ja. "Ni kaka tuhuma, Baba? Ni da kas sa ma dabino a baki ranar suna?"

"Kai nike tambaya."

"Hanyar Sisawa muka gadi har rana tah hito. Tambayi liman, shi ya ishe mu can yak kawo min labari." Ya buga sandarsa a ƙasa. "Ka tahi ka bi sawunka. Gobe da azahar ni zan bi nawa."

Liman ya tabbatar da maganar, mutanen Sisawa da suka zo gaisuwa su ma suka tabbatar. Sa'adu ya ji daɗi ya kuma ji kunya. Zato zunubi ne, ga shi ya kwashi nasa a kan maraya, ranar da aka rufe ubansa.

Da yamma ƙafarsa ta kai shi inda ta saba. Maƙerar a mace take, ba wuta, zugazugi a yashe. Ɗahiru na zaune a kan kututturen da yake zama kullum, hannuwansa a tsakanin gwiwoyi. Bai je wankan gawa ba, ya ce zuciyarsa ba za ta ɗauka ba, kuma babu wanda ya ga laifinsa. Kututturen Maccido na nan a gefe, dukansu biyu suka ƙi kallonsa.

"Hwaɗa min yadda bindigar ga take," in ji Sa'adu. "In san abin da nike nema."

Ɗahiru ya fara da sanyin murya, amma maƙeri maƙeri ne, da ya shiga zancen ƙarfe sai muryar ta ɗan dawo. Tushen bindigar tsoho ne, gindin bindigar da uban Maccido ya dawo da ita daga yaƙin Bama na zamanin Turawa, wurin da kunama da makulli suke. Bututunta ya daɗe da ruɓewa, ƙotar gara ta cinye, amma wannan ƙarfen Maccido ya adana shi cikin tsumma da man shanu tun rasuwar tsohon. Da dorina ta addabi fadama, ta tattake albasa ta cinye shinkafa, sai ya kawo shi ya ce a tayar masa da bindigar ubansa, amma a faɗaɗa bakin yadda zai ci dorina. Ɗahiru ya samo sandar sitiyarin wata tsohuwar motar itace a Rabah, ya yi ta ƙwaƙule cikinta har babban yatsa yana shiga ya juya. Ya sassaƙa ƙota da maɗaci, ya shafe ta da man gyaɗa har tana ɗaukar ido. Ya narka dalma ya zuba harsasai masu girman aduwa. Tun kaka yake kanta.

"Ban taɓa ƙera abu mai kyawunta ba, Sa'adu," ya ce. "Ranar da yad ɗauke ta ya sa a kahwaɗa, sai da yay yi hawaye. Yac ce ƙamshin hannun ubanai yaj ji."

"Tsohon ƙarhe da sabon baki. Ka kai ta tsamiya?"

Tambaya ce da kowane ɗan ƙauyen zai iya yi. Maƙeran gidan su Ɗahiru suna da doka tun kakanni: sabuwar bindiga ba ta fara hawa kafaɗar mutum. Akwai wata tsohuwar tsamiya can bayan tudu, nesa da gari, mai wani gurbi a jikinta inda ake cusa ƙota. A ɗura wa bindiga albarushi fiye da kima, a ɗaure ta tam, a ja kunama da doguwar igiya daga bayan suri. In za ta fashe, ta fashe wa itace. In ta tsira, sannan a miƙa wa mai ita.

"Na kai ta," in ji Ɗahiru. "Shekaranjiya."

Ya faɗa yana kallon toka. Sa'adu bai kawo komai a ransa ba. Ya ciro goro ya ɓare, sai ya ga ya raba shi uku bisa sabo. Suka zauna da ɓari ɗaya a tsakaninsu har aka kira magariba. Daga can ƙofar mai gari ana jiyo muryar Isa yana kiran sunan Allah.

Da sassafe ya koma bakin gulbi ya ɗauki ƙwaryarsa. A lakar bakin ruwa, inda jirgin Isa ya tsaya, babu sawun da ya hau gaɓa. Ya bi gefen magudanar da ke kai ruwa gonaki, ya ga inda ciyawa ta kwanta: wani ya shiga ruwan ya bi ta ciki, kuma ruwa ba ya riƙe sawu. Saura hanya ɗaya. In gaskiya ne an miƙa wa mutanen daji bindiga, ta bayan tudu za su biyo da baburansu, don nan ce hanyarsu, shi ya sa ma mutanen gari suka daina zuwa ko itace. Sa'adu ya yi addu'a ya nufi can shi kaɗai, yana waige-waige, don shi ma yana son ransa.

Ya zagaye tudun kaf. Akwai sawun babur, amma tsoho ne, tururuwa har sun yi hanya a kansa. Babu wanda ya bi nan jiya. Rana ta yi zafi, gwiwarsa ta gaji, sai ya nufi tsamiyar maƙera don ya huta, yana lissafin abin da zai gaya wa mai gari, wato babu.

Ya zauna ya jingina. Sannan idonsa ya fara aikin da ya saba ba tare da ya sa shi ba. Busasshiyar ciyawar gindin itacen a tsaye take, ba wanda ya taka ta. Ba sabon zanen igiya a ɓawo. Ba baƙin hayaƙi, ba tsumman ɗuri. Ya miƙe a hankali ya leƙa gurbin da ake cusa ƙota.

Zanzaro ya gina gidansa a ciki. Gida cikakke, ɗaki bisa ɗaki, laka ta bushe ta yi fari, har gizo-gizo ya yi saƙa a kansa. Gini ne na makonni. Ko sandar makiyayi aka cusa a gurbin nan cikin kwanakin nan, da ya zama gari.

Sa'adu ya daɗe a tsaye. Ƙarar da Isa ya ce kamar an fasa tukunyar ƙarfe. Ƙuna a kumatun dama, inda maharbi ke kwantar da fuska a kan ƙota. Hular da aka naɗe. Mutumin da ya kasa zuwa wankan gawa. Wayyo Allah! Da ma idon nan nasa ya makance tun bara. Ya zauna a ƙasa ya yi kukan da bai yi ba a maƙabarta, ba kowa sai shi da tsamiya.

Ba zan ɓoye muku ba, ya yi tunanin yin shiru. Wa ya san ya zo nan? Ya murje gidan zanzaron da yatsa, ya koma ya ce bai ga komai ba, ya tsira da aboki ɗaya da ya rage masa a duniya. Har ya ɗaga hannu. Sai ya tuna yadda Isa ya sha ruwa daga moɗa, da yatsun nan da suka kumbura. Ya zaro wuƙarsa ya ɓamɓaro gidan a hankali bai fasa ba, ya sa a ƙwarya, ya rufe da hularsa.

Ya so ya fara samun Ɗahiru shi kaɗai, amma maƙerar ba kowa. Ana sallame azahar gari ya taru a ƙofar gidan Maccido, inda ake zaman makoki. Mai gari na kan tabarma, liman a gefensa. Ja'afar da yaransa sun jawo Isa sun zube shi a rana, sandunansu a hannu. Ɗahiru na can ƙarshen tabarma, kansa a sunkuye. Mata sun cika zaure, ana jin motsinsu.

"To, Sa'adu," in ji mai gari. "Mi kas samo?"

Sa'adu ya tsaya a tsakiya, kansa ba hula. "Ranka shi daɗe, wanda yay yi kisa don shi ɗauki bindiga ba ya tsayawa juya gawa alƙibla. Ba ya tada mata kai. Isa bai taka gaɓa ba jiya, sawunai bai wuce jirgi ba. Ja'afar na hanyar Sisawa, kuma ina roƙonai gahwara bisa zaton da niy yi mai. Mutanen daji ba su biyo ba. Babu wanda yah harbi Maccido."

Wuri ya kaure da hayaniya. Ja'afar ya yi tsalle ya miƙe. "Aljani ya yanka mai wuya ke nan?"

Sa'adu bai kula shi ba. Ya taka har ƙarshen tabarma, ya durƙusa gaban Ɗahiru, ya ajiye ƙwarya, ya ɗauke hular. Mutane suka yi ta leƙe. Gidan zanzaro? Wasu har sun fara cewa mutuwar aboki ta taɓa wa tsohon kai.

"Cikin gurbin tsamiya nis same shi," ya ce. "Ɗahiru, kai za ka hwaɗi ko ni?"

Ɗahiru ya kalli ƙwaryar. Ya kai yatsa ya taɓa lakar kamar mai taɓa jariri. Da ya buɗe baki, sai da kowa ya matso kafin a ji shi.

"Ban kai ta ba."

Ya ɗago kai ya ci gaba.

"Tsoro nij ji. Wa ka zuwa bayan tudu yanzu shi harba bindiga? In mutanen daji ba su ishe ka ba, ka tada gari, mata su kwashi ɗiya su yi daji. Sau biyu ina ɗaukar igiya ina ajewa. Nic ce ma Maccido shi dakata in samu masu raka ni. Yac ce dorina ba ta dakatawa, albasar mutane na ƙarewa. Yac ce ƙarhen ubanai bai taɓa ba shi kunya ba, hannuna ma haka. Yabon ga shi yac ci ni. Nib ba shi." Ya dubi ƙwaryar. "Da asuba zuciyata ta ƙi kwanciya, nib bi shi ta magudana don in ce shi bari. Ina ganinai ya ɗora ta a kahwaɗa. Na buɗe baki ke nan. Tsohon ƙarhen bai ɗauki ɗurin ba, ta baya yat tsage."

Ya ce bindigar na cikin kwamin da yake kashe zafin ƙarfe. Aka aika aka ɗauko ta tana ɗigar baƙin ruwa. Ƙotar maɗacin na nan da kyanta, bututun lafiya lau, amma gindin ya dare gida biyu kamar an tsaga rake. Gani ya kori ji.

"Mi yas sa kab ɓoye ta?" in ji mai gari.

"Bai mutu nan take ba. Na ɗora kainai bisa cinyata, nil laƙƙana mai kalma, ya amsa sarai. Sannan yar riƙe min riga yac ce, 'Ɗauke ta, Ɗahiru. Ni nim matsa maka. Kada ka bari Sa'adu shi gani.'"

Maganar ta daki Sa'adu a ƙirji har sai da ya dafa ƙasa. Ashe wasiyyar ƙarshe ta abokinsa a kansa take, kuma shi ne ya karya ta da hannunsa a gaban jama'a.

Ja'afar ya yi kukan kura ya ɗaga sanda. Kafin a riƙe shi, murya ta fito daga cikin zaure, a dishe amma kowa ya ji ta. Turai ce.

"Yaron ga, aje sandar ga! Ubanka ya mutu bisa cinyar abokinai da kalma a bakinai. Abin da nir roƙi Allah ke nan. Aje ta, ka kwance bawan Allah da kaɗ ɗaure."

Sandar ta faɗi. Ja'afar da kansa ya durƙusa yana kwance igiya, yana neman gafara cikin kuka. Isa ya miƙe da ƙyar, ya riƙe hannunsa na dama da na hagu, hannun da yake jefa raga da shi, wanda har yau bai koma daidai ba. Ya ja ƙafa har gaban maƙerin.

"Baba Ɗahiru, jiya da marece, ka ji kukana?"

"Na ji."

"To."

Iyakar abin da ya ce ke nan, ya juya ya nufi gulbi. Wallahi da ya zage shi da ya fi masa sauƙi.

Jami'ai sun iso daga Wurno da yamma. Ƙera irin wannan bindiga ba izini laifi ne mai zaman kansa, balle ga rai ya salwanta, ga ɓoye shaida. Suka kwashe masaba da awartaki da magagari, suka zuba a bayan mota tare da bindigar. Ɗahiru ya fito daga maƙerarsa ba takalmi, ya tsaya gaban Sa'adu. Tsofaffi biyu suna kallon juna.

"Zanzaro," in ji Ɗahiru a ƙarshe, har da ɗan guntun murmushi. "Maccido ya san ka. Shi yas sa yac ce kada in bari."

"Ka yahe min."

"Ni ka neman yahiya. Ka duba min iyali."

Motar ta tafi da shi, mutane suka watse. Sa'adu ya rage shi kaɗai a bakin rumfar, ga kututture uku, ga ɓarin goron jiya ya bushe a kan ɗaya. Sai idonsa ya sauka ƙasa. A cikin tokar bakin ƙofa ga sawun Ɗahiru ɓaro-ɓaro, ƙafar hagu, da babban yatsan nan da ya karkace tun ranar da masaba ta faɗo masa suna samari. Sawu mai kyau, irin wanda ya kwana biyu yana nema bai samu ba.

Awakin unguwa sun taso daga kiwo, sun nufo rumfar kamar yadda suka saba. Sa'adu ya zubar da gidan zanzaron, ya kaɗe ƙwaryarsa, ya durƙusa ya kife ta a kan sawun. Ya zauna kusa da ita yana korar awaki har aka kira magariba.